Idan Khartum ta yi nisa, me jiha za ta iya yi wa talaka?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, gwamnatocin jihohin Sudan suka wayi gari da nauyin da ba a taɓa shirya su su ɗauka ba. Jiha 18 gare mu, kowace da walinta, wato gwamnanta, da ma'aikatunta, amma kowa ya san yadda tsarin yake tun da can. Kuɗi a Khartum suke, rumbun magani na ƙasa a Khartum, manyan ofisoshin bankuna a Khartum, hatta na'urorin da ke riƙe da asusun mutane da lambarsu ta ɗan ƙasa duk a can aka tara su. Da birnin ya koma fagen fama gwamnati ta ƙaura Port Sudan, malamai da ma'aikatan asibiti suka yi watanni ba albashi, makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojan ƙasa, a Disamban 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, sai jama'a suka kwararo Gadarif da Kassala, cikinsu har da 'yan uwanmu Hausawa na ƙauyukan Jazira da na bakin kogi a Sinnar.

Soja ya ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris, amma aljihun gwamnati bai dawo yadda yake ba, kuma ba zai dawo nan kusa ba. Don haka tambayar tana nan daram. Jihar da ba ta buga kuɗi, ba ta da babban banki, ba ta karɓar kuɗin kwastan, me ya rage a hannunta in ban da jiran abin da za a turo mata daga sama?

An taɓa gwada amsar wannan tambaya a fili, a jihohi biyu maƙwabtan juna a yammacin Kanada, Alberta da Saskatchewan. Abin da ya sa na ɗauko su shi ne kamarsu da Gadarif: fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganin ido, noman damina ne da injina, amfanin gona guda ne ke riƙe da kowa, farashinsa kuma a wata ƙasa ake yanke shi. Mu dawa da riɗi, su alkama. A 1929 ma'aunin alkama ya haura dala ɗaya, zuwa ƙarshen 1932 ya dawo ƙasa da santi 40. Kan wannan kuma fari ya sauka shekara bayan shekara, fara ta biyo, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana rufe sama da ƙura. Kuɗin shigar mutum ɗaya a Saskatchewan ya faɗi da kashi 72 cikin ɗari cikin shekara huɗu zuwa biyar, kuma a 1937 kusan biyu bisa uku na mutanen karkararta da tallafin gwamnati suke ci. Manomi ya ci bashin injin noma lokacin da alkama ke da daraja, yanzu ana bin sa kuɗin nan da ruwansu alhali hatsinsa ba ya biyan ko kuɗin dakonsa zuwa tashar jirgin ƙasa. Bankunan duk na gabashin ƙasar ne, dokar kuɗi da ta banki kuma a hannun gwamnatin tarayya take a Ottawa. Duk wanda ya taɓa noma a Gadarif da kuɗin banki zai gane wannan hali ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Alberta ce ta fara yunƙurawa. William Aberhart shugaban wata makarantar sakandare ne a Calgary, kuma mai wa'azin Kirista a rediyo wanda ake saurare kowace Lahadi har ƙauyen ƙayau. Ya karanta ra'ayin wani injiniya ɗan Birtaniya, C. H. Douglas, wanda ke cewa talaucin zamani ba na rashin kaya ba ne, na rashin kuɗin sayen kayan ne a hannun jama'a, don haka gwamnati ta cike giɓin. Aberhart ya cusa wannan cikin wa'azinsa, ya yi alkawarin dala 25 duk wata ga kowane baligi. A zaɓen Agustan 1935 jam'iyyarsa, wadda ba ta taɓa tsayawa takara ba, ta kwashe kujera 56 cikin 63. Ya tarar da baitulmali a bushe. A Afrilun 1936 Alberta ta kasa biyan wani bashin da wa'adinsa ya cika. Dala 25 ɗin nan kuwa ba a taɓa biyan kowa ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya yi a madadinta shi ne ya buga wata takarda ta jiha mai darajar dala ɗaya, aka fara biyan leburorin gyaran hanya da ita a Agustan 1936. Fuskarta kamar kuɗi. Bayanta kuma an zana ƙananan gidaje 104. Duk mako, wanda takardar ta kwana a hannunsa sai ya sayi ɗan kan sarki na santi ɗaya ya manna a gida guda, in ba haka ba takardar ba ta karɓuwa. Bayan shekara biyu gidajen sun cika, gwamnati ta tara dala ɗaya da santi huɗu daga kuɗin kan sarkin, sai ta fanshi takardar da kuɗin gaske. Dabarar a nan ita ce ba wanda zai so ajiye takardar da ke cin masa santi duk mako, kowa zai yi maza ya kashe ta, kasuwa ta motsa. A lissafi abin ya zauna. A kasuwa kuwa, kan sarkin ƙanana ne ƙwarai, suna ɓallewa a aljihu su ɓace. Mai kanti yana gudun ranar manna kan sarki ta same shi da tarin takardu a akwati. Babban dillalin da yake saro kaya wajensa daga wata jiha ba ya karɓa, banki ba ya karɓa. Mafi muni, gwamnatin da ta buga takardar ita kanta ba ta yarda a biya ta yawancin harajinta da ita ba. Da aka buɗe ƙofar fansa kafin wa'adi, yawancin takardun suka komo baitulmali cikin 'yan makonni, kuma kafin 1937 ta ƙare an watsar da shirin.

Ni a ganina nan ne ainihin inda abin ya mutu, ba a kotu ba. Takarda tana zama kuɗi ne idan mutum ya tabbata akwai wani a gaba da dole ya karɓa, kuma wanda ya fi cancanta ya zama wannan mai karɓar dole shi ne wanda ya buga ta. Kotu daga baya ta zo. A 1937 Aberhart ya yi dokokin sa bankuna ƙarƙashin ikon jiha, Ottawa ta soke su. Ya sake yin wasu, har da wadda za ta tilasta wa jaridu buga martanin gwamnati da bayyana majiyarsu, Kotun Ƙoli ta rushe su a 1938. Wannan ta jaridun ba ni da wani uzuri da zan ba shi a kanta. Shugaban da shirinsa ya cije sai ya koma kan masu ba da labari ya riga ya bar hanyar gyara.

Mu ma mun ga irin wannan yunwar takardar kuɗi da idonmu. A Disamban 2024 babban banki ya canza takardar fam 500 da ta 1,000, aka ce kowa ya kai tsohon kuɗinsa asusun banki, abin da za a ba shi a hannu kuma ƙayyadadde ne. Abin ya faɗo daidai lokacin kaka. Manomi na da kuɗi a waya, a manhajar Bankak, amma masu yankan dawa da masu ɗaurin buhu a gona ba su da asusu, da yawansu ba su da takardar da za su buɗe shi, wurin da suke aiki ma sau da yawa ba layin waya. Sai ka ga mutum tsaye a ƙofar shago yana nuna wa mai shago allon wayarsa: «Don Allah Alhaji, ka ba ni tsaba in tura maka, yara na jira a gona.» Alhaji ya ce akwai, amma sai an cire wani kaso. Kuɗin mutum na kansa sai ya saye su. A irin wannan rana, in wali ya ce zai buga takardar jiha a riƙa biyan lebura da ita, mutane da yawa za su yi masa tafi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Sai dai dillalin riɗi da ke kai kaya Port Sudan ba zai karɓa ba, mai sayar da man injin ba zai karɓa ba, kuma nauyin faɗuwar darajarta a kan leburan nan zai sauka, shi da ba shi da zaɓin ƙi.

Abin da ya rayu daga mulkin Aberhart wani abu ne da ba a yi masa ganga ba. A shekarun tsananin bankuna sun rufe rassansu a garuruwa da yawa na karkara, manomi ya rasa ko inda zai ajiye kuɗinsa. A 1938 gwamnatin jihar ta buɗe ofisoshin baitulmalinta a garuruwa, na farko a Rocky Mountain House, inda mutum zai ajiye kuɗi, ya biya wani ta hanyar takardar tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, har a ba shi ɗan lada idan kayan da ya saya a Alberta aka yi su. Ba sabon kuɗi aka ƙirƙira ba, hanya aka buɗe wa kuɗin da ke akwai ya kai inda banki ya ƙi zuwa. Waɗannan ofisoshi suna nan har yau da sunan ATB Financial, kuma har yanzu mallakar jihar ne. Wannan abu ne da Gadarif ko Kassala za su iya kwaikwaya ba tare da sun taka dokar babban banki ba: jiha ta zauna da bankuna da kamfanonin waya, ta ba da ɗaki da tsaro a kowace kasuwar mako da kowane babban sansanin gona, a kai tawagar yin lambar ɗan ƙasa can wurin kafin kaka ta kama, ba a jira lebura ya bar aikinsa ya zo birni bin layi ba.

Saskatchewan ta bi wata hanyar, kuma tushenta ya girmi gwamnatin da ake yaba wa da ita. Tun 1915 wata ƙaramar hukumar karkara mai suna Sarnia ta ga likitanta ɗaya tilo zai tashi saboda manoma ba sa iya biyan sa, sai ta yanke masa dala 1,500 a shekara daga harajin ƙasa don ya zauna. Wasu ƙananan hukumomi suka ɗauka. Manoman jihar kuma sun saba haɗa hatsinsu su sayar tare, sun saba da shagunan haɗin gwiwa da asusun ajiya na gama kai. A 1944 jam'iyyar CCF ta manoma da ma'aikata ta ci kujera 47 cikin 52 ƙarƙashin Tommy Douglas, wani limamin coci daga garin Weyburn wanda yana yaro aka kusa yanke masa ƙafa saboda ciwon ƙashi, sai wani likita ya yi masa aiki kyauta don ɗalibansa su koya. Gaskiya ne lokacin da ya hau Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ɗaga farashin alkama, don haka bai gaji irin busasshiyar tukunyar da Aberhart ya gada ba. Amma ya gaji bashi mai nauyi da jama'ar da shekara goma na wahala suka karya.

Yadda ya jera abubuwan ne ya fi burge ni. A Yulin 1946 aka gwada cikakken inshorar lafiya a yanki ɗaya tak, Swift Current, yankin da fari ya fi cinyewa. Ranar 1 ga Janairun 1947 aka fara inshorar kwanciya asibiti ga duk mazaunin jihar, kowane mutum dala 5 a shekara, iyali komai yawansu ba sa wuce dala 30, ragowar kuma daga harajin jiha. Kuɗin ganin likita bai shiga ba, duk da cewa shi ne babban burinsa. Ya jira shekara goma sha biyar. Sai da tarayya ta yi dokar ɗaukar wani kaso na kuɗin asibitoci a 1957, nauyi ya ragu a kan jihar, sannan aka fara shirin ƙara na likita. Ma'ajinsa Clarence Fines ya riƙa daidaita kasafi kowace shekara yana rage tsohon bashi, don a cewar gwamnatin jihar da ake bi bashi masu bin ta ne ke mulkinta. Kuma ba duk abin da suka taɓa ne ya yi kyau ba. Sun buɗe masana'antar takalma, da ta jima, da ta saƙar ulu, duk suka yi asara aka rufe su. Wutar lantarki ta karkara da kamfanin inshorar jiha kuwa suka tsaya da ƙafarsu. Ranar 1 ga Yulin 1962, lokacin Douglas ya koma siyasar tarayya Woodrow Lloyd na kan kujera, aka fara inshorar ganin likita, likitocin jihar suka tafi yajin aiki na kwana 23. Gwamnati ta ɗauko likitoci daga Birtaniya, aka yi sulhu, shirin ya tsaya. A 1966 Ottawa ta mayar da shi dokar ƙasa, kuma kafin 1972 ta fita duk Kanada ta shiga.

Inshora dai adashi ne, sai dai kwasar ba ta bin layi, tana zuwa ga wanda ciwo ya kayar. Shi ya sa jiha ke iya yin ta ko ba ta da injin buga kuɗi. Abin da take buƙata shi ne ikon sa kowa ya zuba, mai lafiya da maras lafiya, da amanar da za ta sa mutum ya yarda ranar da ya zo ba za a ce masa ya dawo gobe ba.

Ba sai mun je Kanada ba ma kafin mu ga jiha ta fara abu ƙasa ta ɗauka. A 1989, lokacin da asibitocin gwamnati suka wayi gari ba ko ƙwayar zazzaɓi, ma'aikatar lafiya ta Khartum tare da ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya suka kafa asusun magani mai juyawa. An zuba jari sau ɗaya, ana saro magani da yawa a kan rahusa, ana sayar wa majinyaci a ƙasa da farashin kantin magani, kuɗin kuma ba ya shiga baitulmali, yana komawa sayen wani maganin. Asusun ya tsallake shekarun 1990 da hauhawar farashi ke wuce kashi 100 a shekara, domin an riƙa gyara farashi a kan lokaci kuma an katange kuɗin daga hannun ma'aikatar kuɗi. Daga baya aka kai tsarin sauran jihohi. Inshorar lafiya ta ƙasa ma a jihar Sinnar aka fara aiki da ita a 1995, jihar da Maiurno take, kafin ta bazu. Tsarinta shi ne a cire kashi 4 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 6, majinyaci kuma ya biya rubu'in kuɗin magani a taga.

Raunin wannan tsari yana nan a cikin ginin kansa, kuma mu ya fi shafa. An ɗora shi a kan albashi. Bahaushen Sudan kuwa galibi manomi ne, masunci, mai lambu, ɗan kasuwa, tela, direba, ba ya cikin takardar albashin kowa. An yi ƙoƙarin cike wannan da kuɗin Diwanin Zakka da na ma'aikatar kuɗi don a saya wa matalauta kati, dokar 2016 kuma ta wajabta inshorar a kan kowa. Amma da yaƙi ya tsayar da albashi, asusun ya rasa magudanarsa, mai kati ya zo taga a ce masa babu. Saskatchewan ba ta jira albashi ba tun farko domin ta san mutanenta manoma ne, a ofishin ƙaramar hukuma kowa ke biyan nasa sau ɗaya a shekara. Jiha irin Gadarif tana da wurin da kusan duk dukiyarta ke bi ta wuce, wato kasuwar amfanin gona. Kuɗin da ake karɓa kan kowane buhu a can, da za a ware wani sananne daga ciki a ce wannan na asusun lafiyar masu aikin gona ne, a liƙa lissafinsa a ƙofar kasuwa duk wata, a hana kowa taɓa shi ko da albashi ya makara, da an samu abin da zai tsaya ko tarayya ta turo ko ba ta turo ba. A fara da ƙaramar hukuma ɗaya, a yi kaka biyu a gani.

Batun bashi ya fi wuya, kuma a nan ikon jiha gajere ne. A Saskatchewan, Tommy Douglas ya yi doka a 1944 da ta hana a ƙwace wa manomi gonar da gidansa ke ciki, eka 160, ta kuma rage masa nauyin bashi a shekarar da amfani ya lalace. Kotu ta soke sashen rage bashin, ta ce kuɗin ruwa hurumin tarayya ne, amma kariyar gonar gida ta tsira. Mu a nan ƙaramin manomi shel ke cin sa: ya karɓi kuɗi ko hatsi wajen ɗan kasuwa a tsakiyar damina, ya biya da buhu a kaka kan farashin da ba ya kai rabin na kasuwa. Babba kuma yana karɓar salam daga Bankin Noma, wato kuɗin amfanin da zai kawo a kaka, ya ajiye cak a matsayin jingina, damina ta ƙi, cak ya dawo, sashe na 179 na dokar laifuka ya kai shi kurkuku har sai ya biya. Wali ba shi da ikon goge wannan sashe. Yana da ikon rage abin da ke tura mutum hannun mai shel tun farko. Gadarif na da babban rumbun hatsi tun shekarun 1960. Da ƙaramin manomi zai iya kai buhu goma ma'ajiyar jiha a garinsu, a ba shi takardar shaida, ya karɓi wani kaso na kuɗin a kanta ya jira farashi ya tashi, da ba a tilasta masa sayarwa ranar da kowa ke sayarwa ba. Bambancin wannan takarda da ta Aberhart shi ne akwai buhun dawa a bayanta wanda kowa zai iya zuwa ya taɓa.

Abin takaici, dabarar da jihohinmu suka fi ƙwarewa a kanta idan aljihu ya bushe ita ce shingen hanya. Motar dawa ta tashi daga Gadarif, kafin ta kai inda za ta an tsayar da ita an karɓi na jiha, na ƙaramar hukuma, na hidimar da ba wanda ya taɓa gani. Na san uzurin. Tarayya ta riƙe manyan hanyoyin haraji ta bar wa jihohi nauyin makaranta da asibiti, abin da ta yi alkawarin turowa kuma ba ya zuwa kan lokaci. Karamallah Abbas, zaɓaɓɓen walin Gadarif a 2010, rigimarsa da Khartum kan haƙƙin jihar na cikin abin da ya raba shi da kujerarsa a 2012. Amma duk fam ɗin da aka karɓa a shinge daga farashin da ake ba manomi ake zare shi, a kuma ɗora shi kan mudun da mai gudun hijira zai saya, kuma ba wanda ke iya nuna inda ya tafi.

Akwai wani gefe na tarihin Alberta da masu yabonta ba sa son tsayawa a kai, mu kuwa bai kamata mu tsallake shi ba. Gwamnatin nan mai kukan talaka ita ce a 1937 ta faɗaɗa dokar hana wasu mutane haihuwa ta hanyar tiyata, ta cire sharaɗin neman yardar waɗanda aka yi wa tambarin raunin ƙwaƙwalwa, kuma 'yan asalin ƙasar sun sha wannan fiye da adadinsu a cikin jama'a. Sai 1972 aka soke ta. A 1942 ta haramta sayar wa Hutterite ƙasa, wata al'umma ta manoma masu jin Jamusanci da ke zaune a gandu ɗaya suna noma tare, domin maƙwabtansu na ganin suna cinye fili. Gwamnatin jiha ta fi kusa da jama'a, amma kusancin nan yana nufin ta fi jin muryar masu rinjaye a wurin, kuma a lokacin tsanani muryar nan kan nemi wanda za a ce ba ɗan gida ba ne.

Kakanninmu sun sauka bakin Nil tun bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa, wasu ma sun riga shi zuwa a kan hanyar Makka. Hannunmu na cikin audugar Jazira da dawar Gadarif fiye da shekara ɗari. Duk da haka a Yulin 2022, da maganar sarautar gargajiya da mallakar ƙasa ta taso a jihar Nil Azrak, an kashe mutane sama da ɗari, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Har yau akwai dattijon da aka haifi kakansa a ƙasar nan amma in ya je neman lambar ɗan ƙasa sai an sa shi kawo shaidar da ba a tambayi maƙwabcinsa ba. Don haka duk wani sabon shiri na jiha, katin lafiya ne ko iri ko takardar ma'ajiya, tambayar farko da ya kamata mu yi ita ce ta wace ƙofa ake shiga. Idan ta hannun nazir da omda ne, wato sarakunan gargajiya, wanda ba shi da sarauta a yankin ya faɗi tun kafin a fara. Idan sai da lambar ɗan ƙasa, matar da ta gudo daga Sinja da zanen jikinta ta faɗi. Inshorar Saskatchewan zama a jihar ta sa sharaɗi, ba asali ba.

Kuma akwai rajistar da aka riga aka yi a kan wannan sharaɗin. Takaya, wato ɗakunan girkin unguwa da matasa da mata da masallatai suka riƙe tun farkon yaƙi, da ɗakunan agajin gaggawa na sa kai, sun san gida nawa ne a kowane layi, baki nawa ke ci a kowane gida, wa ke da ciwon suga, wa ke da tsohon ciki. Ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba kafin su zuba masa wake a kwano. Da yawansu sun rufe a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, wasu kuma hukumomi na kallonsu da zargi. Walin da ke son fara asusun lafiya ko rabon iri kafin damina mai zuwa, ya kira waɗannan mutane ya zauna da su, ya karɓi littattafansu a matsayin rajistar farko, ya ba su kujera a kwamitin da zai riƙa duba kuɗin. Mu kuma a unguwanninmu na Gadarif da Kassala da Maiurno da Damazin, limamai da masu unguwa da ƙungiyoyin mata su tabbata sunan kowane gida, har da na baƙin da suka sauka mana, ya shiga littafin nan tun kafin ranar da za a ce an rufe.